Tambayi Likita: Sun Liƙa wa Yarona Suna "Ɗan Ƙwaya"

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake. Yaron wajena, shekararsa 17, an kama shi da tiramadol bara lokacin yankan shinkafa. Ya ce abokan ƙwadagonsa ne suka ba shi don kada ya gaji. Tun ranar gari ya sa masa "Ɗan Ƙwaya". Ko akuya ce ta ɓata shi ake nema, masu gona sun daina ɗaukarsa aiki. Yanzu ya bar masallaci, bayan gari yake yini da masu shaye-shaye. Babansu ya ce gidan mari za a kai shi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Inna. Allah ya shirya mana zuri'a. Tiramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin ɗin nan da gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018. Idan jiki ya saba da shi, ranar da ba a sha ba sai zufa, hamma, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci. In aka zarce ƙima kuma yana sa jijjiga kamar ta farfaɗiya. Wannan duk asibiti na iya maganinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sunan nan ne. Hausawa sun ce suna linzami ne. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Edwin Lemert, ya yi bayani tun 1951 cewa kuskuren farko daban yake da wanda mutum ke ci gaba da yi bayan jama'a sun liƙa masa suna har shi ma ya yarda da sunan. Wani masanin kuma, Howard Becker, ya faɗaɗa maganar a 1963. Ki duba yaronki. Ba shi kaɗai ya sha ƙwayar nan a gona ba, shi ne dai aka kama. Waɗanda suka ba shi suna nan suna shiga sahu, ana ɗaukarsu aiki. Shi kuwa an rufe masa ƙofar aiki, an rufe ta majalisa, abin da bai ɗauka ba ma shi ake ɗora wa. To wa ya rage da zai ce masa "matso ka zauna"? Sai mutanen bayan gari. Yaro ya ga ko ya sha ko bai sha ba sunansa ɗaya, me zai hana shi sha?

Ina roƙonki, ki lallaɓi maigidan a janye maganar gidan mari. Na wanke gyambon da mari ya bari a idon sawun samari, na ga yadda suke fitowa da ƙunci fiye da yadda suka shiga, ga kuma sabon suna ya hau kan tsohon. Ku kai shi babban asibiti mafi kusa, in da buƙata za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A gida kuma a koma kiransa da sunan da aka raɗa masa ranar suna, a tsawata wa ƙannensa in sun tsokane shi. A sami liman ya tuna wa jama'a aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Kawunsa ko baffansa ya riƙe shi a sana'a, ya damƙa masa kuɗin ciniki ko kaɗan ne, ya ga an sake yarda da shi. Zai iya zamewa sau ɗaya ko biyu a hanya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 14 tana da farfaɗiya. Maƙwabta sun ce ana ɗauka ta yawu, har mun ware mata kwano da kofi, mun cire ta daga makaranta saboda yara na kiranta "mai aljanu". Gaskiya ne ana ɗauka? Daga wani uba a yankin Sumaila.

Amsa: Malam, ba a ɗauka, ko kaɗan. Ba ta yawu, ba ta numfashi, ba ta cin abinci kwano ɗaya. Farfaɗiya hargitsewar saƙonnin lantarki ce a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Takan biyo bayan wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a ka, wani lokacin kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da ita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha kullum.

Ba na manta wata yarinya da aka kawo mini hannunta na dama ya ƙone har gwiwar hannu. A bakin murhu ta faɗi, mata huɗu na tsaye a tsakar gida, ba wadda ta ja ta, kowa na gudun kumfar bakinta. Ciwon nata minti biyu ya yi ya wuce, tabon kuwa da shi za ta rayu.

Saboda haka a yau ɗin nan a mayar da kwanonta cikin na 'yan'uwanta. Yarinyar da aka ware wa kwano ta riga ta fahimci abin da ake nufi, sai ta fara ɓuya, ta daina magana, daga baya a ce ai ciwon ne ya taɓa mata hankali. Ka je da kanka wurin shugaban makaranta ka yi masa bayani, ta koma aji. In ciwon ya tashi, a kwantar da ita ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji mata rauni, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko man ja, kada a turara mata hayaƙi. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti. Addu'a ku ci gaba da ita, magani kuma kada a tsallake ko na kwana ɗaya.

Tambaya: Bayan haihuwata ta biyu na samu taɓin hankali, aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na warke. Shekara guda ke nan, amma ko faɗa na yi wa yara sai a ce "abin nata ya motsa". Ina so in daina shan maganin don a daina ganina a hanyar asibitin. Daga wata baiwar Allah kusa da Bichi.

Amsa: Ƙanwata, sannu, Allah ya ƙara lafiya. Wannan lalura tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, yawanci a makonni biyun farko na jego, kuma ana warkewa. Ɓacin ranki irin na kowa ne, kina da ikon yin fushi ba tare da an kira shi hauka ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare masu irin wannan lalura daga wariya.

Amma kada ki yanke magani da kanki. Tsayar da shi farat ɗaya na iya dawo da ciwon, sai masu magana su ce ai dama sun faɗa. Ki gaya wa likitanki damuwar nan kamar yadda kika gaya mini. Zai iya tsawaita ranakun dawowarki, ko ya duba ko lokacin rage maganin a hankali ya yi. Ki tafi da maigidanki ya ji bayani da kunnensa, don kalmarsa ɗaya a tsakar gida za ta kashe bakin mutane da yawa. In kuna shirin wata haihuwar, ku sanar da likita tun kafin ciki, domin ciwon kan dawo. Bayan haihuwa kuma, in kika kwana biyu barci ya ƙaurace miki ko da jariri na barci, ko tunani ya riƙa yi miki gudu, a kai ki asibiti a ranar, kada a jira arba'in.