Toka a Ganye, Ruwa a Saiwa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da alayyahu da latas. Tun shigowar hunturu ake ta ƙona daji ta wajen Basawa, hayaƙi da toka na sauka a kan shukar, ganye ya yi furu-furu. Wasu sun ce in sayi maganin feshi, wasu sun ce ragar inuwa. Wanne ya fi? — Uwargida daga Palladan

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna, domin toka ba ƙwaro ba ce, maganin feshi ba zai yi mata komai ba. Ganye yana numfashi ne ta wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma da hasken rana yake haɗa abincinsa. Toka da ƙurar hazo suna toshe ƙofofin, su tare hasken. Ki shafa ganyen tumatir ɗaya da yatsa, za ki ga korensa ya fito tas a ƙarƙashin ƙurar. Wanka kawai yake so.

Abin saye shi ne garwar ban-ruwa mai bakin rariya. Ki riƙa wanke ganyen da sassafe, sama da ƙasa, don ya bushe kafin sanyin dare. Ragar inuwa kuwa rage haske take yi, ga shi hazo ya riga ya rage. Amfaninta sai zafin Maris da Afrilu. Gara ki kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa.

Amma ki lura da inda hayaƙin yake tasowa, wannan ne ya fi damuna. Tokar ciyawa da sauƙi. Ta bola da aka ƙona da leda da taya da tsohon batir, guba ce. In irin wannan ce ta lulluɓe latas, abin da ake ci ɗanye, ki tuge shi kada ki ba yara. In ta ciyawa ce, ki yar da ganyen waje, sauran ki wanke sosai cikin ruwa mai yawa.

Tambaya: Bara da marka attaruhuna na cikin robobi ya yi rawaya, ya yi yaushi alhali ƙasar sharkaf take. Mai shago ya ba ni takin yuriya, na zuba, duk suka mutu. Bana me zan tanada? — Malamin makaranta daga Samaru

Malam, ba yunwa ta kashe su ba, ruwa ne ya shaƙe su. Saiwa ma tana buƙatar iska. In ta kwana biyu uku cikin ruwa sai ta fara ruɓewa, shuka ta yi yaushi kamar mai ƙishi. Ni ma na taɓa rasa barkono roba shida a haka, da na tuge ɗaya na tarar saiwar ta yi baƙi tana wari. Zariya na samun ruwa kusan milimita 1,000 a shekara, Agusta ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma yuriya da ka zuba a lokacin narkewa take yi ta bi ruwa.

Ka huda gindin kowace roba wuri biyar ko shida, ka ɗora ta a kan bulo. Tsohon buhun shinkafa ma ya fi roba tsane ruwa, ga araha. Ka cakuɗa ƙasar da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu, ban da ɗanyen kashin kaji. In a ƙasa za ka shuka, kada ka kwaikwayi kwamin masu noman rani na bakin kogin Galma, su riƙe ruwa suke nema. Kai kunya za ka tayar mai tsawo, da hanyar da ruwa zai fice. Taki kuma sai ruwa ya ɗan tsagaita, kaɗan-kaɗan, nesa da gindin. Don irin da ke jure damina, tunda kana Samaru, ka leƙa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR ka tambaya kafin ka saya a kasuwa.