Ɗana ba ya magana: hotuna za su hana bakinsa buɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 4, likita ya tabbatar yana da larurar galahanga. Ba ya magana, sai dai ya ja hannuna zuwa wurin abin da yake so, in ban gane ba ya fashe da kuka. An ba ni shawarar koya masa da hotuna, amma kakarsa ta ce hakan zai sa bakinsa ya ƙara nauyi. Ina mafita? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ki kwantar wa Hajiya da hankali: bincike bai nuna hotuna na hana magana ba, wasu yaran ma ta nan suke fara furta kalmomi. Amma kafin komai, a kai shi gwajin ji idan ba a yi ba.

Tsarin da aka fi sani shi ne PECS, wato koya wa yaro miƙa hoto don a ba shi abin da yake so, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro a Amurka a 1985. Matakai 6 gare shi, na farkon ne tubali.

Ki zaɓi abin da ransa ya fi so, a ce biskit. Ki ɗauki hotonsa da waya, a buga miki kamar faɗin santimita 5, a lulluɓe da leda mai kauri. Ku biyu za ku yi aikin. Ke ki zauna gabansa riƙe da biskit, hoton yana ajiye tsakaninku, babansa ko yayarsa na bayansa. Kada ki ce "me kake so?" ko "ba ni hoton". Ki jira. Da zarar ya miƙo hannu, na bayan ya kama hannun shiru, ya taya shi ɗaukar hoton ya sa a tafinki. Nan take ki ce "biskit", ki ba shi guntu. Guntu fa, domin in ya ƙoshi darasi ya ƙare. A samu irin wannan dama sau 30 zuwa 40 a yini, a warwatse, da abubuwa daban-daban, mai taimakon yana janye hannunsa sannu a hankali.

A nan aka fi tuntuɓe. Idan kullum sai kin tambaya, zai koyi jiran tambaya, ba zai fara neman abu da kansa ba. Idan kika riƙe biskit ɗin sai ya furta sunansa, zai ga hoton ba ya biyan buƙata, ya koma kuka. Kada kuma a fara da hoton banɗaki ko barci, don buƙatarki ce, ba tasa ba.

Ya ƙware? Sai ki ɗan matsa nesa har ya riƙa tasowa ya kawo miki. A sauya masu karɓa, har da Hajiya. Bayan nan ki ajiye hotuna 2: abin da yake so da wanda bai damu da shi ba, kamar safa. In ya miƙo hoton safa, safa za ki ba shi, ta haka zai fara duban hoto kafin ya ɗauka.

Hotunan su zauna inda hannunsa zai kai, ba cikin jakarki ba. Idan bai gane hoto ba, ki fara da ainihin ledar biskit ɗin, ko ki haɗa da alamar hannu. Haɗa jimla irin "ina son ruwa" mataki na 4 ne, gara mai koyar da magana a asibiti ya jagorance ki a kai.