An ce ina koya wa yara tawaye saboda darasin juyin juya halin Faransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malamin tarihi ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Maraɗi, cikin darussan da muke yi akwai juyin juya halin Faransa na 1789. Wani abokina da muke sallah masallaci ɗaya ya ce wai ina koya ma yara fito-na-fito da shugabanni ne da yabon kafirai, har albashina ma akwai shubuha. Ni kuma gaskiya talakawan nan suna burge ni, har na taɓa ce ma ɗalibai da ba a fille kawunan nan ba da gyara bai zauna ba. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, albashinka halal ne, ka ci abinka. Karantar da tarihin mutanen da suka wuce ba laifi, Alƙur'ani ma cewa ya yi ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba. Batun yabo kuwa, a Sahihu Muslim Amru ɗan Asi, Allah ya ƙara masa yarda, ya lissafo kyawawan halayen Rumawa, ya ce ta biyar ɗin mai kyau ce, sun fi kowa hana zaluncin sarakuna. To sahabi ke nan. In ka ce ma yara talakan Faransa shi ke ɗauke da haraji har da na gishiri alhali manyan coci da 'yan sarauta an ɗauke masu mafi yawansa, baitulmali ya ci bashi wajen taimakon Amurka a yaƙinta da Ingila, burodi ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai aka fasa kurkukun Bastil ran 14 ga Yuli, a watan Agusta aka soke gatan 'yan sarauta, ba ka faɗi komai ba sai abin da ya faru.

Amma ni ba maganar abokinka ce ta tsaya min a rai ba, taka ce ta ƙarshe. Da ka ce ba don fille kawuna ba gyara ba zai zauna ba, a nan ka tashi daga ba da labari ka koma ba da fatawa kan jini, a gaban yaran da duk abin da ka faɗa suke kwafa a littafi. Wannan jimlar ba ta halatta ba, kuma sai ka janye ta a ajin da ka faɗe ta.

Na san akwai masu karatun addini da ke da irin wannan ra'ayi, su ce ai maslaha ce, a zubar da jinin kaɗan don jama'a ta zauna lafiya, har su kawo maka cewa Imamu Malik ya halatta a kashe sulusin mutane don a gyara sulusi biyu. Wannan magana Imamul Haramaini ne ya jingina ma Malik ita, shi kuma Bashafi'e ne, malaman Malikiyya sun ƙaryata ta tun tuni, babu ita a Muwaɗɗa babu ita a Mudawwana. Mu da muka tashi a kan wannan mazhaba bai kamata a yi mana wasa da hankali da sunan limaminmu ba. Wanda ya ɗan ƙara karatu kuma sai ya ce to ai Gazali ya yi maganar in maƙiya suka yi garkuwa da fursunonin musulmi ana iya kai masu hari ko da fursunonin za su mutu. E ya yi, amma da sharaɗin larurar ta zama tabbatacciya ba zato ba, kuma halakar ta shafi al'umma gaba ɗaya. To a Faransa ina tabbacin yake? A Satumban 1793 masu juyin juya halin suka yi doka sukutum ta kama mutum a kan zargi kawai, a Yunin 1794 suka ƙara wata da ta hana wanda ake tuhuma lauya, kotu kuma abu biyu kawai ta sani, ko saki ko kisa. Wajen mutum 17,000 aka yanke ma hukuncin kisa tsakanin 1793 da 1794, ban da waɗanda suka mutu a kurkuku, ban da waɗanda aka loda a jiragen ruwa aka nutsar a kogin Luwar a garin Nant. Kuma abin da ba a cika gaya ma yara ba, mafi yawan waɗanda aka fille ɗin ba 'yan sarauta ba ne, talakawa ne, manoma da leburori da masu ƙananan sana'a, wato su ɗin da aka ce don su ake yi.

Sannan ka duba jerin shekarun da kanka, ai kai ne malamin tarihi. Soke gatan 'yan sarauta da shelar haƙƙin ɗan Adam 1789 aka yi su. Sarki Luwi na 16 sai Janairun 1793 aka fille shi. Ashe gyaran ya riga giyotin ɗin, wato na'urar fille kai, zuwa da shekaru, to ta yaya za a ce ita ta kawo shi? Abin da ta kawo shi ne ta cinye jagororin juyin da kansu, Danton a Afrilun 1794, sai Robesfiyar da ya tura shi a Yulin shekarar, daga ƙarshe soja ya karɓe mulki a 1799, kafin 1804 ta ƙare Napoliyon ya naɗa kansa sarkin sarakuna, bautar da aka soke a 1794 kuma tuni ya dawo da ita a 1802.

A shari'armu ko wanda laifinsa ya tabbata shi kaɗai ake kamawa, wani ba ya ɗaukar laifin wani, hujja kuma tana kan mai ƙara. Sayyidina Ali a yaƙin Raƙumi ya ci nasara amma ya hana a bi wanda ya gudu, ya hana a ƙarasa mai rauni.

Wani abu kuma Malam, na lura da kalmar burgewa da ka yi amfani da ita. Ka yi hattara, yaran da ke gabanka matasa ne masu zafin jini a lokacin da kowa ke da wanda yake jin haushi, in suka ji daga bakinka cewa jini na wanke ƙasa ba Luwi za su tuna ba, na kusa da su za su hango. Ka kuma gaya masu cewa ƙasar da ta yi shelar nan ta 1789 ita ce dai sojojinta suka yi ɓarna a Birnin Ƙonni a 1899, kakanninsu sun san labarin.

Abokinka kuwa kada ka yanke shi, ya yi kuskure a kan albashi amma kishin addini ne ya sa shi magana. Ka karanta masa hadisin Amru, ka kuma faɗa masa ka gyara taka jimlar. Wallahu a'alam.