Ƙafar ƙanena ta kumbura, ciwon ya kai ƙashi: dole ne a yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Maiurno a ƙasar Sudan nake rubutowa. Ƙanena manomi ne. Shekara biyu ke nan ƙafarsa ta kumbura, ba ta ciwo sosai, amma ta yi 'yan ƙofofi da ke tsiyayar ruwa da wasu ƙwayoyi masu launin rawaya kamar yashi. Wanzami ya yi masa sakiya sau biyu, abin sai ƙaruwa. Yanzu hoto ya nuna ya taɓa ƙashi. Shin sai an yanke ƙafar?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da madura, cutar da aka san ta sosai a yankunan Jazira da Sinnar da Farin Nilu. Ƙwayar cutar a ƙasa take zaune. Ƙaya ce yawanci ke shigar da ita, ta dumshe ko ta bagaruwa, mutum ya taka a gona ko wajen kiwo, ya cire, ya manta. Ba a ɗaukarta daga mutum, don haka kada a ware masa kwano ko tabarma.

Na tsaya a kan launin da kika ambata, domin madura iri biyu ce. Akwai ta fumfuna, wadda ta fi yawa a Sudan, ƙwayoyinta baƙaƙe ne kamar barbashin gawayi. Akwai kuma ta bakteriya: rawaya mai tauri kamar yashi ta fi zuwa daga Streptomyces somaliensis, ja kuwa daga Actinomadura pelletieri. Ta bakteriyar ta fi saurin cin nama ta huda ƙashi, a hoto sai ka ga ƙashin ya yi ƙananan ramuka birjik kamar itacen da gara ta ci. Amma kuma ita ce ta fi jin magani, ko da ta kai ƙashi. Saboda haka amsata: taɓa ƙashi kaɗai bai wajabta yanka ba.

Sai dai ido ba ya yanke hukunci. A tara ƙwayoyin a kwalba mai tsabta a kai wa likita, a kuma yarda a ɗebi samfur daga cikin kumburin, domin maganin fumfuna ba ya taɓa bakteriya ko kaɗan. Na ga mutanen da suka kwashe watanni suna sayen itraconazole, maganin fumfuna, da tsada, alhali ba nasu ba ne.

Idan ta tabbata bakteriya ce, ana haɗa ƙwayar Septrin da allurar amikacin, zango-zango: mako 3 na allura a cikin mako 5 na ƙwaya, a maimaita gwargwadon yadda ciwon ke ja da baya. Allurar na iya cutar da ƙoda da ji, shi ya sa ake gwada su a kowane zango; idan ya fara jin ƙara a kunne, a faɗa wa likita ranar. Wani lokaci ana musanya ta da Augmentin. Magani kan ɗauki watanni, har ya haura shekara, kuma inda aka fi faɗuwa shi ne ranar da ƙofofin suka bushe aka ce ai ya warke. Ƙashi bai warke ba tukuna.

Sakiya da lalas kuwa a daina. Suna buɗe wa wasu ƙwayoyin hanya ne su shiga ƙashin.

Cibiyar Binciken Madura ta Jami'ar Khartoum da ke Soba, wadda aka kafa a 1991, ita ce ta kasance gidan wannan aiki, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula zuwa can. Ku fara da likitan fiɗa ko na ƙashi a babban asibiti mafi kusa, ku tafi da hoton da kwalbar. Kafin nan ya riƙa wanke ƙafar da ruwa da sabulu, ya rufe da bandeji mai tsabta, kuma kada ya sake shiga gona ba rufaffen takalmi.