Me ya haɗa sigari da kumburin yatsu?

Tambaya: Salam likita. Mijina ne, shekararsa 44, tun yana saurayi yake shan sigari. Wata 8 kenan yatsunsa na kumbura, da safe ko buta ba ya iya riƙewa. An gwada jini, ma'aunai biyu da ake kira RF da anti-CCP duk sun hau, likita ya ce rheumatoid ne, ya daina taba. Shi kuma ya kafe wai sanyi ne, me ya haɗa huhu da yatsu. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Likitansa ya faɗi gaskiya, a masu shan taba ciwon nan na rheumatoid, wato kumburin gaɓoɓi da garkuwar jiki ke jawowa, sau da yawa daga huhu yake somawa. Hayaƙin yana tayar da wasu sinadaran jiki da ake kira PAD, su sauya kamannin wasu furotin na jiki, sai garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi ta ƙera musu makami, anti-CCP ɗin da kika gani a takarda kenan, kuma yana iya shekaru a jini kafin yatsa ko ɗaya ya kumbura. Masu bincike na cibiyar nazarin lafiya ta Karolinska a ƙasar Suwidin sun nuna a 2006 cewa mashayin da ya gaji wani nau'in ƙwayar halittar gado mai suna HLA-DRB1 ta uwa da uba, haɗarinsa na kamuwa da ciwon ya kai wajen ninki 21 na wanda ba ya sha kuma bai gada ba.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonki shi ne wannan "sanyi" ɗin. Kullum sai na ji ta a asibiti. Da an ce sanyi ne an gama, sai kemis, a ƙulla wa mutum haɗi a leda, ciki har da dexa (dexamethasone, maganin rage kumburi), ko ya tare masu mota da lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa jarka ɗaya ta isa. Kwana biyu ciwo ya lafa, mutum ya ce ai ga magani, alhali ciwon yana can yana cinye gaɓa, ga fuska ta cika, ga suga, ga hawan jini, ƙashi ya yi rauni, sai yatsu sun karkace sannan a kawo mana shi, kuma gaɓar da ta lalace ba ta dawowa. Wanka da ruwan sanyi ko kwana ƙarƙashin fanka ba sa hawar da anti-CCP, haba jama'a!

Ki gaya masa ko yanzu dainawa tana da amfani, domin methotrexate, maganin da ake ba masu wannan ciwon, bai cika kama mashaya da kyau ba, kuma ciwon yana taɓa huhu shi ma. Shisha ba mafita ba ce. In ya daɗe yana shan dexa kada ya yanke dare ɗaya, ku kwashi ledojin ku kai wa likita ya rage masa a hankali. Methotrexate kuwa sau ɗaya ake sha a sati, ba kullum ba, ki riƙe masa ranar da kanki.