Tambarin da ya ɓace daga fuskar waya

Ka tambaye ni yadda aka yi na dawo wa Hajiyar nan ta Ƙofar Kaura da WhatsApp ɗinta ko data ban kunna ba, alhali kai har ka fara shirin sauke mata sabo. To yaro, WhatsApp ɗin bai je ko'ina ba.

Wayar Android yawanci wuri biyu take nuna manhajoji. Akwai fuskar waya, shafin da kake fara gani in ka cire makulli. Akwai kuma jerin manhajoji, wanda yake fitowa in ka ɗora yatsa a ƙasan sikirin ka ja sama. Kamar shagon nan namu ne: abin da ke cikin gilashi na nuni ne, kayan kuwa suna sito. Tambarin da ke fuskar waya hanya ce kawai ta shiga manhajar. In jikan Hajiya ya danne shi ya ja ya cire, hanyar ya toshe, manhajar da hirarrakinta suna nan daram. Sai ka buɗe jerin, ka rubuta sunanta a wurin bincike na sama, ka danne tambarin, ka jawo shi gaba. Shi ke nan.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne lokacin da ka danne tambari zaɓi ya fito. Remove daga fuska kaɗai yake cirewa. Uninstall kuwa tumɓuke manhajar yake yi daga wayar, kuma in mai ita bai ajiye hirarrakinsa a Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, ba, za ka iya raba ɗan kasuwa da lissafin bashinsa na shekara guda. Haƙuri ba ya dawo da wannan.

In ka duba jerin babu, kada ka yanke hukunci tukuna. Shiga saitin, ɓangaren manhajoji, nan ne ake ganin duk abin da ke cikin waya. Wata an dakatar da ita ne, sai ka sake kunna ta. Tecno da Infinix, waɗanda da su da itel duk na kamfanin Transsion ne, suna da Freezer, inda ake daskarar da manhaja ta daina aiki. Wata kuma mai wayar ne ya ɓoye abinsa da gangan. Wannan ba ruwanka, kada ka tona wa kwastoma asiri a gaban wanda ya rako shi.

Ba kowace waya ce ke da jerin ba. Redmi da yawa suna zuwa da komai a baje a fuska, sai ka shiga saitin ka kunna jerin. A wayar da ba ta da jerin, cire tambari yakan zama cire manhajar ce gaba ɗaya. iPhone ma haka ta daɗe, sai a 2020 da iOS 14 ta fito aka sa mata App Library, wato nata jerin manhajojin, can bayan shafi na ƙarshe in ka yi ta ja hagu.

Ni dai ban yarda a karɓi kuɗin gyara a kan wannan ba. In dattijo ya zo, jera masa kira, saƙo, WhatsApp da manhajar bankinsa a layin ƙasa, tunda layin ba ya motsi ko an sauya shafi. In wayar tana da makullin tsarin fuska, kamar Samsung da Redmi, kunna masa kafin ka miƙa.