Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Raunin Ƙafa ga Masu Koyon Zamiya a kan Dusar Ƙanƙara

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Kayseri ta ƙasar Turkiyya, na fara koyon zamiya a dutsen Erciyes. Da zarar malaminmu ya ce in karkata allunan ƙafa da ake zamiya a kansu su kama ƙanƙara da gefensu, sai cinyoyina su hau rawa, gwiwoyina su karkato ciki. Ko wata cuta ce?

Amsa: Ɗan'uwa, galibi wannan ba cuta ba ce, aiki ne aka ɗora wa tsokokin da ba su saba da shi ba. Mai kama ƙanƙara da gefen allo yana tsaye ne a rabin tsuguno, nauyinsa mafi yawa a kan ƙafar da ke ta waje lokacin da yake shan kwana, saboda haka tsokar gaban cinya ce ke riƙe shi, tsokar gefen ɗuwawu kuma ita ke hana gwiwa faɗawa ciki. Wannan ta biyun ita na fi damuwa da ita, domin idan ta gaza, jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa ne ke ɗaukar nauyin, kuma gwiwa ce gaɓar da ta fi jin rauni a wannan wasa.

Ka ware kwana 2 ko 3 a mako, na tsawon mako 6 zuwa 8, domin motsa jikin da zai ƙarfafa waɗannan tsokoki. Ka jingina bayanka da bango ka sauka kamar mai zama a kujera, ka tsaya daƙiƙa 30, ka ƙara lokacin sannu a hankali. Ka tsaya a kan matakala da ƙafa ɗaya ka riƙa sauke ɗayar ƙasa a hankali sau 10, kana lura kada gwiwa ta kauce daga saitin yatsun ƙafa. Sannan ka kwanta ta gefe ka riƙa ɗaga ƙafar sama a miƙe. Ka kuma duba takalmin da ka yi haya, domin idan ya yi maka yawa, ƙarfinka ba zai isa ga allon ba komai ƙoƙarinka.

Tambaya: Ina zaune a Kanada shekara biyu. Bayan darasin farko ƙafafuna sun yi tsami, kuma tun kafin nan tashi daga kujera yana mini wuya.

Amsa: Malama, tsamin jiki yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 sannan ya lafa da kansa. Wahalar tashi daga kujera kuwa magana ce daban. Fata mai duhu ba ta samar da bitamin D da sauri, ranar hunturun Kanada kuma ba ta da ƙarfin taimakawa, kuma ƙarancinsa kan raunana tsokokin cinya da kwankwaso. Ki nemi a auna jininki kafin ki fara shan wani magani. Idan kuma raunin a ƙafa ɗaya yake, ko yana tare da sandarewa, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi, ki ga likita a ranar.

Tambaya: Ƙanena mai sikila ne, yana son ya bi abokansa su hau dutse su koyi wasan. In bar shi?

Amsa: Kada ya tafi sai likitansa na jini ya amince. Sanyi, da ƙarancin iskar shaƙa a kan dutse mai tsawo, da rashin ruwa a jiki, da wahalar motsa jiki, kowannensu yana iya tayar da ciwon sikila, a can kuma duka huɗun ne suke haɗuwa. Ko mai jinin AS yana iya samun matsalar saifa idan ya hau wuri mai tsawo sosai, don haka ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu dalili ne na a sauko da shi, a kai shi asibiti nan take.